Fashin baƙi kan akori-kura mai jan ƙafa huɗu: wacce ce ba za ta ƙarar da kai a gidan mai ba?

Kawuna ƙanin mahaifiyarmu ne ya jawo wannan rubutun. Yana noman rani a wajen Kura, tumatir da albasa da ɗan shinkafa, gidansa kuma yana nan cikin gari, toh kusan kullum yana kan titin Zariya. Wani dare bayan Isha'i ya kira ni yace, "Kai ɗan nan, tunda kai ne mai bin bayan makanikai, ina son Hilux mai ogzilari, mai jan ƙafa huɗun nan, amma wadda bata shan mai." Nace Kawu Allah ya ƙara girma, ai ka haɗa abu biyu da basu cika zama inuwa ɗaya ba, amma bari mu zauna mu warware shi. Abin da na faɗa masa ne na kawo nan, da ɗan ƙari.

Da farko dai mu san me yasa maganar ta zama magana. A da, lokacin da iyayenmu ke jan Peugeot 404 da 504 akori-kura ta Kaduna, ba wanda ke tambayar lita nawa take sha, tambayar ita ce buhu nawa zata ɗauka. Ko shekarun baya-bayan nan ma da fetur ke ƙasa da naira 200 mutum zai sayi mota mai silinda takwas ya ce ai ƙarfi yake so. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin kowa ya rushe, cikin kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu ta wuce. Shi kuwa gas, wato dizel, an daɗe da sakin farashinsa tun kafin nan, shi yasa da yawan Hilux ɗin da ke yawo a Najeriya na fetur ne, dan a lokacin fetur ne mai araha. Yanzu da tazarar farashin ta ragu sai tsohuwar tambaya ta dawo sabuwa.

Idan kaje wajen dillali ka tambaye shi shan mai, amsa ɗaya ce duk Kano: "Alhaji wannan ai shanshanawa take." Ban taɓa jin dillalin da yace motarsa tana zuƙa ba. Toh ka ajiye bakinsa gefe, ka riƙe ma'auni guda, wato lita nawa mota ke ƙonawa a kilomita 100. Hilux mai injin fetur 2.7 (lambar girman inji ce), wanda makanikai ke kira 2TR, ka sa ranka tsakanin lita 11 zuwa 13, in cikin gari ne da go-sulo da esi a kunne zata iya wuce haka. Mai gas 2.4 ko tsohon 2.5 kuma tana wasa tsakanin 8 da 10. Waɗannan ba alƙawari bane, kimantawa ce ta lafiyayyar mota a hannun direba mai hankali, amma tazarar da ke tsakaninsu gaskiya ce kuma tana da dalili: litar gas ta fi litar fetur ƙunsar ƙarfi, sannan injin gas yana matse iska sosai kafin ya ƙona mai, dan haka yana tatsar aiki mai yawa daga kowane ɗigo, musamman idan akwai lodi a baya.

Anan ne mutane ke yin tsalle su ce shikenan gas za a saya. A'a, tsaya tukuna. Kai ba lita kake biya ba, naira kake biya. Mu yi lissafi da farashin misali, kai ka sa na yau a gurbinsa. Mu ɗauka kana yin kilomita 2,000 a wata. Mai fetur a kan lita 12 zata sha lita 240, mai gas a kan lita 9 zata sha 180. Idan fetur naira 1,000 ne gas kuma 1,200, ka kashe 240,000 a ɗaya, 216,000 a ɗayar. Ribar gas 24,000 kenan a wata, 288,000 a shekara. Amma da zarar gas ya kai 1,333 sun yi kunnen doki, ya wuce haka kuma mai fetur ce ke da riba. Wato a sauƙaƙe, muddin gas bai fi fetur tsada da kashi ɗaya cikin uku ba, mai gas ce ke gaba a gidan mai. Wanda ke yin kilomita 5,000 a wata, irin masu kai kaya daga Dawanau zuwa ƙauyuka ko masu kwangilar da ke Kano yau gobe Abuja, ribarsa a wancan farashin ta kai 60,000 a wata, wannan kam kuɗi ne. Wanda kuwa daga Hotoro zuwa Kwari ne zirga-zirgarsa, Juma'a ya leƙa gona, ribar da zai samu bata taka kara ta karya ba, kuma rana ɗaya a gareji zata iya haɗiye ta.

Dalili kuwa shine injin gas na zamani ɗan gata ne. Tun daga Hilux ta wajen 2005 mai injin 2KD da 1KD, har zuwa wadda ta fito 2015 mai 2GD da 1GD, duk suna aiki ne da famfo mai tura mai da matsanancin ƙarfi zuwa nozul masu ƙofa siririya kamar gashi. Ruwa kaɗan ko datti ko gas ɗin da aka sirka da kananzir ya isa ya kashe su. Na gani da idona. Wani abokina mai Isuzu D-Max ya dawo daga wajen Tudun Wada da daddare mai ya yi ƙasa, ya tsaya wajen 'yan bumburutu aka juye masa jarka guda, bai yi kwana uku ba mota ta fara fitar da farin hayaƙi tana kakkarwa kamar mai masassara, da aka kwance fitar mai, wato matatar mai, aka karkata ta cikin robar ruwa sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, gas yana yawo a sama. Nozul huɗu da famfo suka tafi. Abin da ya kashe ya fi duk abin da ya tara na rangwamen mai a shekarar. Toh in ka san hanyarka bata da gidan man da ka yarda da shi, ko kuma yaro zaka baiwa motar ka ba shi kuɗin mai a hannu, ka yi tunani sau biyu.

Akwai wani tsohon injin gas na Toyota da ake kira 5L, mai lita 3.0, ba turbo, ba gudu, in ka taka totur sai ya yi shawara kafin ya amsa. Amma yana da haƙuri da man da bai cika tsafta ba kuma duk bakaniken da ya san gas zai iya taɓa shi. Ga mai aikin gona zalla ni ina ganin girmansa, duk da shan mansa bai kai na sababbin kyau ba.

Wani tarkon kuma shine motar gas da aka shigo da ita daga Turai. Waɗannan suna zuwa da wata matata a salansa mai tare baƙin hayaƙi, DPF ake ce mata, wasu har da tankin AdBlue, wani ruwan tsabtace hayaƙi. An yi su ne dan tataccen gas da doguwar tafiya, matatar tana buƙatar mota ta yi gudu na ɗan lokaci ta ƙone tokar da ta tara. Ka sa ta a go-sulon Kofar Ruwa zuwa Kurna kullum, zata toshe, wuta ta kama a dashbod, mota ta ƙi ja, mai kuma ya ƙaru. Ka tambaya tun kafin ka biya, dan a hoto duk kamarsu ɗaya.

Yanzu ga ogzilarin kansa, wanda shine asalin abin da Kawu ke nema. Yawancin akori-kurar nan ba kullum suke jan ƙafa huɗu ba. Zaka ga ƙaramar giya ko wani maɓalli mai rubutu uku: 2H, 4H da 4L, a Toyota kuma harafin ne ke gaba, H2, H4, L4. Na farkon ƙafar baya ce kaɗai ke ja, shine na kwalta da burji mai kyau. Na biyu na yashi ne da taɓo mara zurfi. Na ukun kuma shine na fitar da kai daga rami ko hawan tudu da lodi, a hankali kamar tafiyar hawainiya amma da ƙarfin gaske. Abin da mutane basu lura da shi ba shine, ko baka taɓa saka ogzilarin ba kana biyan kuɗinsa, domin motar tana ɗauke da ƙarin akwatin giya da shaf da difiranshal na gaba, nauyi ne da zaka yi ta ja duk inda ka je, ga ƙarin ƙarafa masu juyawa. Shi yasa mai ƙafa huɗu take ɗan fin 'yar uwarta mai ƙafa biyu shan mai ko da inji ɗaya ne. Tsofaffin suna da wani murfi a tsakiyar tayar gaba da ake murɗawa da hannu, a kulle ko a sake, in ka manta shi a kulle ka hau kwalta to kana juya ƙarafan gaba a banza, mai na tafiya. Mafi muni shine wanda zai bar mota a 4H a busasshiyar kwalta, wai dan ta fi riƙe hanya. Ba riƙe hanya take ba, ƙafar gaba da ta baya ne ke kokawa da juna a duk kwana, sitiyari ya yi tauri, taya ta cinye, wata rana akwatin ya fashe. Wasu Mitsubishi L200 masu tsarin Super Select ne aka yi su da damar jan huɗu a kwalta, sauran dai a'a.

Dan haka tambayar da na yi wa Kawu ita ce, sau nawa ka kafe a shekarar bara? Ya yi shiru yana lissafi yace, "Da damina kam ba a magana, daga bakin kwalta zuwa fadama sai an sa samari sun tura, wani lokacin a bar motar a hanya a ɗauko kaya da amalanke." Nace toh Kawu kai kana buƙatarta da gaske. Amma wallahi rabin masu ogzilarin da nake gani a titin Zoo Road da Nasarawa tayarsu bata taɓa ganin taɓo ba, giyar ma ta daskare dan ba a taɓa saka ta. Irin waɗannan da sun sayi mai ƙafa biyu da sun rage kuɗin saye, sun rage na mai, sun rage na gyara. Sai dai kuma mun san Hilux a garin nan ba aiki kaɗai ake saya da ita ba, akwai kwarjini, wannan kuma ba ruwan lissafi da shi.

Sai 'yan Amurka, Tacoma da Tundra, da ake samu Beljiyam. Suna da kyau, ga daɗin zama, wani lokacin ma kuɗinsu bai kai na Hilux mai shekarunsu ba, shine ke jan mutane. Su a can da mil da galan suke awo, galan ɗinsu kuma lita 3.785 ne, toh in ka ga lambar mil nawa take yi a galan a takarda ka raba 235 da ita, abin da ya fito shine lita a kilomita 100. Tacoma mai silinda shida da jan huɗu tana tsakanin mil 18 zuwa 20 a galan, wato lita 12 zuwa 13, kaga bata yi nisa da Hilux 2.7 ba, ga ta da ƙarfi fiye da ita, sai dai bata kai ta ɗaukar kaya ba dan an fi yinta dan jin daɗi. Tundra mai 5.7 kuwa wajen mil 15 ce, kusan lita 16 kenan a ƙasar da hanya ke shimfiɗe, balle a nan. Duk mai maganar tsimin mai ya cire ta daga lissafi kawai.

Isuzu D-Max mai gas tana cikin waɗanda suka fi tsimi, musamman mai ƙaramin inji 1.9, mai 3.0 ɗin kuma an san ta da juriya. L200 ma ba baya ba. Ford Ranger mai 2.2 tana da tsimi, mai 3.2 silinda biyar ta fi ja ta fi sha. Akwai Nissan Navara, akwai na China da ke ta shigowa sababbi da sauƙin kuɗi. Matsalar ba ingancinsu bane, matsalar ita ce ranar da abu ya lalace. Ka shiga Kofar Ruwa ka ce kana neman kayan Hilux, kafin ka rufe baki yara uku sun ruga, sabo da Beljiyam duk za a kawo maka ka zaɓa. Ka nemi wani sensa na Ranger, za a iya ce maka sai an aiko daga Legas, mota ta kwana biyar a gareji tumatir na ruɓewa a gona. Motar da ke tsaye bata shan mai kam, amma asararta ta fi ta mai sha. Ga kuma ranar sayarwa, Toyota bata kwantai.

Duk wannan maganar inji ce a takarda. Motar hannu kuwa kowacce da halinta, kuma anan ne aka fi cutar mutane. Akwai masu ɗaukar Hilux ta 2008 ko 2010 su canza mata fuska da fitilu da dashbod ta koma kamar ta 2020, ka ganta tana ƙyalli, injin kuwa ya zagaya duniya. Lambar shasi ce zata gaya maka shekarunta na gaskiya. Sannan ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko an cire indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi a cikin salansa, dan ana sace shi ana kuma sayarwa, in an cire an lalata sensan iskar da ke kusa da shi to kwamfutar motar ta makance, sai ta yi ta zuba mai ba awo. Ka tambaya ko an cire tamostat. Makanikanmu da yawa suna cire shi su ce wai na ƙasar sanyi ne, alhali aikinsa shine ya kai inji zafin da ya dace da wuri ya riƙe shi a nan, in babu shi inji zai daɗe da sanyi kwamfuta kuma tana ƙara masa mai. Ka murɗa makulli ba tare da ka tada ba ka ga ko fitilar cek inji ta kama, in bata kama ba sam to an kashe ƙwan ne dan a ɓoye laifi. Ka biya rewaya ya saka mata na'ura, kuɗin bai kai na rabin tanki ba. Ka kuma guji wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, irin waɗanda aka yi dan ƙasashe masu tuƙi a hagu kamar Tailan, juyin ba kasafai yake fita da kyau ba.

Gwajin da ba ya ƙarya guda ɗaya ne. Ka cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ka maida ƙaramin awon tafiya sifili, ka yi tafiya irin wadda ka saba, ka dawo gidan man nan da famfon nan ka sake cikawa. Litar da ta shiga ka raba da kilomitar da ka yi ka ninka da 100. Nace famfo ɗaya dan wasu famfunan litarsu bata cika lita ba, kowa ya sani, in ka canza gida lissafin zai ruɗe. Mai mota da ya yarda da kayansa ba zai hana ka wannan gwajin ba in dai kai zaka zuba man.

Bayan ka saya kuma sauran yana ƙafarka. Akori-kura doguwa ce mai faɗin ƙirji, iska na tokare ta, kuma tokarewar tana ninkuwa ne da gudu, shi yasa wanda ke tafiya 90 zuwa 100 a hanyar Kaduna da wanda ke taka 130 kamar ba mota ɗaya suke ja ba in aka zo gidan mai. Manyan tayoyin nan masu ƙurji da samari ke so, da ƙarfen gaba, da karaga a saman rufi, duk ado ne da ake biya da lita, babbar taya ma har awon kilomita take ɓatawa. Iskar taya ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kada ka bar mai faci ya buga da ƙarfe ya ce ta yi. Da hunturu fitar iska tana cika da ƙura cikin 'yan makonni, a duba ta. Lodi kuma yawancinsu wajen tan ɗaya aka yi su ɗauka har da mutanen ciki, wato bai fi buhu goma na masara ba, mu kuwa sai mun jera ashirin mun ɗora yara a sama sannan mu ce mota na shan mai. Esi a watan Afrilu a Kano ba zan ce ka kashe ba, ni ma bana kashewa, amma zaman awa guda a ƙofar shago inji na aiki ana hira shima mai ne.

Wasu zasu ce ina batun CNG, wato iskar gas da ake matsawa a tukunya mota ta yi aiki da ita. Gaskiya ne injin fetur ya fi sauƙin juyawa zuwa iskar, wannan ma wani maki ne ga 2.7, gwamnati kuma tana ta turawa tun 2023, ga bututun AKK da aka nufo Kano da shi daga Ajaokuta. Amma tukunyar tana cin wuri a bodi, wuraren cikawa kuma basu kai gidajen mai yawa ba, mai shiga ƙauye ba zai dogara da ita kaɗai ba. Kuma a kula da suna, dan in ka ce wa bakanike gas a garin nan dizel zai ji.

Ni a ra'ayina, mai doguwar tafiya da lodi wanda ke da amintaccen gidan mai kuma shi ke zuba man da kansa, ya nemi mai gas 2.4 ko 2.5 ko D-Max, manuwal in zai iya, a tsofaffin motoci manuwal ta fi otomatik tsimi. Mai gajeriyar tafiya, ko wanda motar zata riƙa yawo a hannun yara, ya haƙura da 2.7, tana sha amma bata da mita, sarƙa ce ma a injinta ba bel ba.

Kawu dai mun lissafa tafiyarsa bata kai kilomita 2,000 a wata ba, kuma babban ɗansa ne zai fi jan motar. Ya sayi 2.7 manuwal mai gida biyu, fara, tsohuwar fuska ba a taɓa ta ba. Mun yi gwajin tanki daga Naibawa zuwa gona da dawowa sau uku, ta ba mu lita 12 da ɗoriya, bayan an maida mata tamostat an canza fulogi ta ɗan sauko. Satin da ya wuce ya kira ni yana faɗa wai man baya kai masa kwanakin da muka lissafa, da na je na duba sai na tarar da ƙaramar giyar tana kan H4 tun ranar da aka yi ruwa, yaron bai san ana mayar da ita ba.